Ranar da Hanci Ya Ari Hanci

Duk bakin kogin nan babu mai kiransa da sunan yanka. Hanci ake ce masa, shi ma da shi yake amsawa. Allah dai bai rage shi ta nan ba, amma aikin hancin ne ya jawo sunan. Shekara talatin yana fatsar tarwaɗa, kuma abincin ƙugiyarsa shi yake haɗa abinsa: hantar kaza, dusa, ɗan jini, a rufe a gwangwani a bar wa rana. In bai nuna ba, tarwaɗa ko kallo. In ya zarce, ya narke ya bar ƙugiya tsirara. Tsakani akwai yini guda tak, Hanci kuwa da shaƙa ɗaya yake gane shi.

"Tarwaɗa ba ta ci da ido," in ji shi. "Ni da ita sana'armu ɗaya."

Matarsa ita ma shekara talatin tana yaƙi da gwangwanayen nan. Ta kore su daga madafa, ta kore su daga tsakar gida, har suka ƙare a bayan banɗaki.

To bana wata muguwar mura ta kwantar da shi. Da za ta tafi, ta haɗa da hancin. Ko kifi ake soyawa a gabansa ba ya jin komai. Bai gaya wa kowa ba, don in babu hanci, wane ne Hanci? Masunta na kawo masa nasu haɗin ya shinshina, sai ya gyaɗa kai kamar likita.

Ana haka aka yi ruwan sama, kogi ya yi ja, labari ya zo cewa an ga uwar tarwaɗar nan ta ƙarƙashin gada, wadda ta tsinke masa zare har sau uku. Kowa ya ce sai Hanci.

Da safe ya tsuguna gaban gwangwani uku, kowanne da ranar da aka haɗa shi. Ya buɗe na farko, iska. Na biyu, iska. Idonsa ya kawo ruwa. Sai ya ji muryar matarsa daga wajen shanya.

"Malam, don Allah rufe wannan da ka buɗe yanzu. Yau kam ya kai inda ba a zama da shi."

Hanci ya yi turus. Ashe haka ne. Duk ranar da ta yi wannan mita, ranar yake ɗaukar sandar fatsa. Shi da ya ɗauka neman faɗa ne take yi duk ranar da zai je kogi.

Ya kwaso gwangwanayen har yana tuntuɓe. "Gimbiya, shinshina min."

"Ni? Me na yi maka?"

Ya dai miƙa. Na farko ta ce ƙarni ne kawai, da saura. Na uku ta ce ya mutu, ya koma tsami. Da ya kai mata na tsakiya sai ta yi baya, ta toshe hanci da gefen zani.

"Fitar min da shi daga gida."

Bai taɓa jin magana mai daɗin wannan ba. Takalmi ma a hannu ya riƙe shi har gada. Ya murza haɗin a ƙugiya, ya jefa inda ruwa ke juyawa. Ko gyara zama bai yi ba sanda ta lanƙwashe. Ya ja, uwar tarwaɗar ta ja. Ya sakar mata zare, ya shiga ruwa har ƙugu yana dariya shi kaɗai, zaren na yankar tafinsa bai ma sani ba. Sai da rana ta ɗaga sannan tarwaɗar ta gaji ta ba da ciki.

A kafaɗa ya kawo ta, wutsiya na share ƙasa, masunta na biye suna yi wa hancinsa kirari. Ya shige gida, ya sauke ta gaban matarsa, ya yi ƙasa da murya.

"Akwai abin da na ɓoye miki. Hancin nan ya daina aiki."

"Kifi na ganinka, mai jar koma," ta ce. "Tun ranar da miyata ta ƙone ka ce ƙamshi ya cika gida na sani. Kana tsammani shanya ce ke kai ni bayan banɗaki kwana uku a jere?"

Ta miƙo masa wuƙa da babban kwano.

"Gobe ma zan duba maka. Amma gwangwani ba zai dawo tsakar gidana ba."