Biskit ɗin da na kai Soundview

Tsohuwar da nake kula da ita a unguwar Soundview ce ta koya mini yin biskit na kwakwa da ots, hatsin nan da ake damawa da safe. 'Yar Jamaika ce, ni kuma daga Zangon Kumasi na zo. Kamfanin da ya ɗauke ni aiki ya tura ni gidanta don wanka da ba da magani, amma duk ranar Alhamis sai ta sa in tura ta a keken guragunta zuwa kicin.

Hannuwanta rawa suke yi, don haka baki ne nata, aiki nawa. In kankare kwakwa, in narka bota da zuma, in zuba a kan ots da fulawa, in cuɗa.

"Kada ki danne su da yawa, 'yata," in ji ta. "Ki bar musu wurin buɗewa."

Mama nake kiranta. Har sallayata tana da mazauni a bayan ƙofar ɗakinta.

Da sanyi ya shigo ciwon ƙirji ya kwantar da ita a asibiti, kamfani ya mayar da ni wani gida. Na yi ta kiran babbar 'yarta, wadda ke zaune a wajen gari. Amsarta ɗaya ce, "Za mu neme ki."

Da shirun ya yi yawa, na ce a raina wataƙila an sallamo Mama daga asibiti. Ranar Asabar na kunna obin, murhun gashi, a gidanmu na unguwar Highbridge, na yi biskit ɗin ni kaɗai a karon farko. Tiren farko ya ƙone ta ƙasa. Na biyu ya yi ja yadda take so. Na jera su a gwangwanin da ta ba ni kyauta, na hau bas da ɗuminsu a cinyata.

'Yar ce ta buɗe ƙofa. Falon cike yake da kwalaye, an naɗe katifa an jingine a bango.

"Ina Mama?"

"Mun binne ta ranar Laraba."

"Ba ki kira ni ba?"

"Taron na dangi ne kawai."

Na tsaya ina kallonta. Ni na san inda bayan uwarta ya yi gyambo, ni nake wanke shi kullum. Ta miƙo hannu, na ɗauka gaisuwa ce, ashe makullin gidan take so. Ina ciro shi idonta ya sauka a kan abin da nake riƙe da shi.

"Wannan gwangwanin ba na mahaifiyata ba ne?"

"Ita ta ba ni."

"Ba ta faɗa mini ba."

Ta shiga kicin, ta juye biskit ɗin a leda, ta miƙo mini. Rabi sun karye. A tashar bas na zauna na yi kuka, motoci na wucewa.

Ran Litinin na koma wurin dattijon da aka ba ni a madadin Mama, mutum mai fara'a. Na yi masa wanka, na ba shi magani. Ya ce, "Kin iya yin wani abu mai zaƙi? Bakina ba daɗi."

Na ce masa ban iya ba, na koma kujera ina jiran lokacin tashi.