Wankan Jegon Rabi

Ko da na yi ritaya, ban taɓa mantawa da ranar Talatar da aka kawo mini Rabi a kan amalanken jaki ba. Kun ce in ba ku labari ɗaya daga aikin ungozoma, ku da za a tura ƙauyuka. Wannan zan ba ku, ko da yake ba ni da abin alfahari a cikinsa.

Shekarata ta biyu ke nan a aiki, a wani ƙaramin asibitin karkara a ƙasar Azarori. Manjo, wato babban ma'aikacin jinya, shi ke shugabancin wurin, ni kuma ina riƙe da ɗakin haihuwa. Ƙa'idarmu ita ce idan mace ta haihu a duba ta kafin ta tafi gida, a sake dubawa bayan mako guda, sannan bayan arba'in. Kowane dubawa akwai katin da ake cikawa: hawan jini, zafin jiki, kumburi, ruwan nono.

Ga wanda bai san wankan jego ba, kwana arba'in ake yi. Safe da yamma a tafasa ruwa a babbar tukunya, a tsoma ganyen tsamiya ko na bedi, wato darbejiya, a riƙa fyaɗa wa mai jego a jiki har tururi ya rufe ta. Ta fito ta kwanta a gadon ƙasa da aka zuba wa garwashi a ƙarƙashi, ta sha kunun kanwa har ta ƙoshi. Sanyi ake gudu, don an yi imani idan ya shiga jikin mai jego za ta kumbura ta lalace. Mu kuwa a makaranta an koya mana cewa zafin nan da gishirin kanwa suna ɗora nauyi a kan zuciyar da ciki ya riga ya gajiyar. Kumburin da ake kira sanyi, sau da yawa zuciya ce ke gazawa. Sai dangi su ga kumburi su ƙara wuta, su ƙara kanwa.

Na zo da ilimin nan da zafin kai irin na sabon shiga. Wata ranar awon jarirai, mata cike da rumfa, na tashi na ce a daina wankan zafi kwata-kwata. Wata dattijuwa, Inna Tambara, wadda ita ta yi wa rabin matan garin wanka, ta ce: "Madam, haihuwata tara, kowace da wankanta. Ga ni kau lahiya lau."

Na ce: "Inna, jahilci ne. Ku ke kashe ɗiyanku da hannunku."

Inna Tambara ta miƙe. Ta gyara mayafinta ta tafi. Abin kunyar shi ne a ranar daɗi na ji, na ɗauka na yi aiki.

Rabi 'yarta ce ta auta. Bayan wata biyu ta haihu a hannuna, haihuwar fari, mace, lafiya ƙalau. Mijinta yana cirani a Abijan, ita kuma ta koma gidan uwarta wanka kamar yadda aka saba. Da mako ya cika ba ta zo ba, sai na taka zuwa gidan, don ba shi da nisa. Na tarar an shimfiɗa mata tabarma a zaure. Na tambaye ta ko tana wankan zafi. Ta dubi uwarta, sannan ta ce: "A'a, Madam, na ɗumi ɗai nike yi."

Daga inda nake zaune ina hango itace tuli guda a tsakar gida, da tukunya baƙa ƙirin a kife. Na gani, ban tambaya ba, ban ce a nuna mini ɗakin da take kwana ba, saboda na riga na sami amsar da nake so. Jininta ya ɗan hau. Na rubuta a kati, na ce ta zo asibiti bayan mako. Ba ta zo ba, ni ma ban bi sawu ba.

Ranar da ta cika kwana ashirin da shida, da hantsi, ga amalanke a ƙofar asibiti. Ƙafafunta sun kumbura har cinya, in ka danna yatsa sai ya bar rami. Ba ta iya kwanciya, sai a zaune, numfashi sama-sama, tana tari da kumfa. Da na ɗaga rigarta na ga bayanta duk tabon ƙuna. Manjo ya yi mata allurar da ke fitar da ruwa daga jiki, ya kira mota daga babban asibitin Madawa, ya ce in raka ta. Inna Tambara ta shiga da jaririyar a hannu, ba ta dube ni ba, ban dube ta ba. A hanya Rabi ta kama hannuna, da ƙyar maganar ta fito: "Madam, don Allah kak ki yi ma Inna hwaɗa."

Likitocin Madawa sun yi iya ƙoƙarinsu. Washegari bayan azahar Allah ya karɓi abinsa.

Babban likitan, dattijo ne da ya yi karatu a waje, ya kira ni ofishinsa ya karanta katin. Ya tambaye ni me ya sa aka makara, na ba shi labari duka, har maganar rumfa. Sai ya ce a ƙasar sanyin da ya yi karatu, mutane na gina ɗakin katako su gasa duwatsu su zuba musu ruwa, su zauna cikin tururi har gumi ya karyo, kuma a da can a ɗakin nan matansu ke haihuwa. Ya ce a Maroko ma ana kai mai jego gidan wankan zafi. "Kusan ko'ina mutane sun yarda zafi na gyara jiki, Madam. Aikinki ki rage wutar, ki rage kanwar, ki koya musu alamar haɗari. Ke kuwa kin rufe ƙofar da za su biyo." Bai ɗaga murya ba, bai rubuta ni ga hukuma ba. Da ya rubuta ni, da ya fi mini sauƙi.

Ranar sadakar uku na je gaisuwa. Inna Tambara ta matsa ta ba ni wuri a tabarmarta. Bayan mata sun ragu ta ce: "Tun kwana goma kahin in kawo ta nig ga ƙahwahunta sun kumbura. Sau biyu ina ɗaukar mayahina in taho wurinki, sai in tuna abin da kinka ce gaban mata, in koma in ƙara mata wuta. Abin da uwata tay yi min shi niy yi mata. Ban san wani ba." Ba ta zarge ni ba. Na yi kuka a gabanta kamar ni aka yi wa mutuwa.

Daga nan aikina ya sake. Nakan shiga har bayan ɗaki, in sa gwiwar hannuna a ruwan tare da mai wankan, mu sirka har ya dawo wanda jiki zai ɗauka. Nakan roƙi a kwashe garwashi, a rage kanwa, in nuna wa tsofaffi yadda ake danna yatsa a ƙwauri. Wasu sun ji, wasu ba su ji ba, amma sun daina ɓoye mini.

Ku riƙe wannan. Tsohuwar da za ku tarar a bakin tukunya ta fi ku son yarinyar, kuma ita za ta fara ganin ciwon, ita za ta yanke ko a kawo muku ko a bari. Kwana goma Rabi ta yi da kumburi a gidan da ake hango rufin asibitinmu daga ƙofarsa, maganin kuma yana ajiye a ɗakina. Uwarta ta so ta zo, tsoron bakina ne ya hana ta.