Hannun Dama a Cikin Salula

Shekarar da wake ya yi kyau a gonakinmu na gabas da Urafane, a shekarar ne ɗan farina ya tafi haƙar zinariya can bayan Agadas. Ba zan faɗi sunansa ba. Mu a nan uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zura masa ido, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Haka na taras, haka na riƙe.

Wata ranar kasuwa ina awon wake, wani direba mai zuwa can ya tsaya a kaina ya ce, "Inna, Allah ya kiyaye gaba. An ce injin niƙa dutse ya taɓa hannun mutumin naku, na dama." Na ce, "To." Na ci gaba da awo. Sai da wata Bafillatana ta riƙe mini hannu ta ce tiya biyu ta ce, ga shi ina zuba ta huɗu.

Daga ranar zama ya gagare ni. In na ɗauki taɓarya in ajiye, in na shiga rumbu in manta abin da ya kai ni. Matarsa ta ce sun yi magana, wai ƙwarzane ne kawai. Amma na san shi. Yana yaro kunama ta harbe shi, ya wuni yana kiwo bai faɗa wa kowa ba.

Surukar tawa tana da salula mai nuna mutum, amma sai an hau tudun bayan gari ake samun rezo, wato layin waya ya kama. Ran Juma'a da hantsi ta hau don ta kira shi, ni kuma na bi ta kamar mai neman akuya. Na tsaya a bayanta ina leƙe ta gefen ido. Ga shi ya fito, ga fuskarsa, ga bangon kwano a bayansa. Da ya gane ina wurin sai ya durƙusa, ya sunkuyar da kai yana gaisuwa, yadda aka koya masa. Yana motsawa sai hoton ya farfashe kamar ƙwaryar da aka ɗinke ba daidai ba. Kunnensa ya rage a sama, shi ya yi ƙasa. Hannun da na zo gani ya wuce kamar hayaƙi, launin kwano ya rufe shi.

Juma'a uku muna haka. Ya durƙusa, hoto ya watse. Ya ɗago, hoto ya watse. In sauko tudu ban ga hannun ba.

A ta ukun mushen lakkwal, malamin makarantarmu wanda gidansa ke gindin tudun, ya tare ni ya ce, "Inna, akuyar nan taki ba ta ɓata sai ran Juma'a?" Sai na gaya masa gaskiya.

Ya ce, "Salula ba ta aiko hoton mutum cikakke kowane lokaci, hanyar ba za ta ɗauka ba. Tana aiko shi sau ɗaya, sannan ta riƙa aiko labarin abin da ya motsa kawai. Kin ga in akuya ta nufi rijiya, ko kin kau da kai kin san inda za ta kai. Haka salula take cankar inda hannu zai je, sai gyara ya biyo baya. In rezo ya yi rauni gyaran ba ya isowa, sai ta cike wurin da tsohon hoto. Ki ce masa ya tsaya cik, ya ɗaga hannun, kar ya motsa."

Na ce, "Ni in ce masa?"

Ya ce, "To wa? Inna, salula ba ta san kunya ba."

Na roƙi surukata ta faɗa masa. Ta ce ta sha faɗa, dariya yake yi ya ɓoye hannun a aljihu.

Ranakun nan bakwai ban san yadda na yi su ba. Juma'a ta zo, muka hau. Da ya fito sai na miƙa hannu na karɓi salular. Surukata ta buɗe baki. Ya fara sunkuyawa, na ce, "Kai. Tashi. Kar ka gaishe ni."

Ya ce, "Inna?"

Na ce, "Ɗaga hannun nan ka tsaya kamar icce."

Ya ɗaga. Da fari dishi-dishi ne, kamar ƙasan rijiya bayan an jefa guga. Ya tsaya, na tsaya, iska ma ta tsaya. Sai hoton ya fara kwantawa. Tsintsiyar hannu ta fito. Tafin ya fito. Babban yatsa, manuni, na tsakiya. Na jira sauran biyun. Na ce ko gyaran ne bai iso ba, na ƙara jira. Har zanen tafin ya fito fes, har tabon ɗinki ya bayyana a inda ya kamata su kasance.

Ya ce, "Ina iya riƙe hauya da ukun, Inna. Na gwada da sandar shebur."

Na ce, "To ka taho kafin ruwa ya sauka, gonar gabas tana jira."

Ya ce zai taho. Na miƙa wa matarsa salula, na zauna a kan rairayi.