Kabejin Merran

A ƙauyenmu na bakin teku, kowane gida yana da nasa krub, wato ɗan kewayen dutse marar ƙofa da ake yayyafa irin kabeji a ciki don kada iska da tumaki su taɓa shi. Sai a shekara ta gaba a dasa shi a bayan gida. Yanzu yawancinsu ciyawa ta cinye. Na Merran kaɗai ya rage.

Merran 'yar ƙanin mahaifina ce. Mijinta Gibbie ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta suna Aberdeen, sukan bugo waya ranar Lahadi. Sauran ranakun da kajinta take hira. Irin kabejin nan daga hannun kakarmu Inna ya fito, ba a sayar da shi a kanti, kuma saboda kajin take noma shi. Idan sanyi ya kama, ƙasa ta daina fitar da komai, takan rataye ganye da igiya a akurki su yi ta tsalle suna caka. Tana kuma jiƙa sha'ir a faranti a bakin taga har ya tsiro, ta yanka musu da almakashi. Gwaiduwar ƙwanta ja ce jawur ko a tsakiyar hunturu.

Nakan leƙa ta, da sunan karɓar ƙwai.

"Ertie, ka zo cin banza ke nan?" in ji ta. "Ga shayi can, ka zuba da kanka, ni ba baiwarka ba ce."

"Wa ya isa? Na ji kina zagin wani ne, na ce bari in kawo ɗauki."

"Waccan baƙar kazar ce. Halinta ɗaya da matarka, Allah ya ji ƙanta, ba ta bari kowa ya ci a gabanta."

Kabeji ba ya ba da iri sai an bar shi ya ƙetare hunturu ba a sare ba. Merran takan ware masu kyau a kusurwa don haka. To wata shekara sanyin ya ƙi tafiya. Sha'ir ɗin taga ya yi fumfuna don rashin rana. Kajin suka fara figar gashin juna, har aka ji wa baƙar ciwo a baya. Merran ta shiga kusurwar iri da wuƙa. Yau ɗaya, jibi ɗaya. Da na zo na tarar saura guda.

"Guda ɗaya, 'yar'uwa?"

"Wanda ya fi kyau na bari. Inna ma akwai shekarar da ɗaya ta bari, muka cika kwalba da iri. Kai dai sha shayinka."

Gaskiya ta faɗa, ni ma na tuna shekarar.

Da bazara ya yi fure, rawaya, ya kai mini kafaɗa. Ƙudan zuma suka yi ta zuwa. Amma da kwanson ya bushe, ta murza a tafin hannu, sai ƙaiƙayi. Ta murza wani, haka. Muna zaune a kan katangar dutse. Can ta ɗaga kai ta bi gidajen ƙauyen da kallo, ɗaya bayan ɗaya, masu rufi da waɗanda rufinsu ya faɗa.

"A shekarar Inna," ta ce, "na gidan Sinnie yana fure. Da na gidanku. Da na Mansie can ƙasa."

"Haka ne."

"Ashe ba shi kaɗai ba ne. Ƙudan zuma ne ke kawo masa garin fure daga na maƙwabta."

Ta tattara kwanson duka ta kai ɗaki, ta bi su ɗaya-ɗaya a kan farin ƙyalle. Abin da ta samu bai cika cokalin shayi ba, rabinsa ma a motse. Ta haura krub da gwiwoyin nan nata masu ciwo ta shuka. 'Yan kaɗan suka fito. Ta dasa su da bazara, kusa da juna, suka yi girma.

Da sanyi ya sake gabatowa, sai ta kira ni in zo da mota. Na tarar ta zuba kajin a akwatunan kifi. Wasu baƙi ne da suka zauna a ɗaya gefen tsibirinmu, masu yara, suka ce suna so.

"Haba Merran! Ki rufe kusurwar da waya mana, shi ke nan."

"Waya ba ta hana ni, Ertie. Na san hannuna. In na ji kukansu zan sare."

"To da wa za ki riƙa faɗa?"

"Ba ga ka ba? Ɗauki akwatin nan, kana tsaye kamar turke."

Ta ce in gaya musu baƙar tana son a rataye mata nata daban. Ba ta bi ni ba.

Kabejin ya ƙetare hunturu ba a taɓa ko ganye ɗaya ba, ya yi fure tare, kwanson ya cika. Ta ba ni kwalba in riƙe tana zubawa. Na ce yanzu sai a dawo da kaji. Ta ce yaran sun riga sun raɗa musu suna.

Har yanzu ina leƙa ta. Ƙwan kanti take soya mana, ta ɗan tsaya tana kallon gwaiduwar kafin ta juya.