Gona kunka saida, ba kuka ba

Na iske tsohuwarmu Inna zaune gindin kukarta, katafila na ruri bayanta, direba ya rasa yadda zai yi da ita.

Shekarar ce da ruwa ya ɗauke tun gero bai fidda kai ba. Ƙaramar hukuma ta saye gonakinmu na bakin hanyar Kurawa, ta saida ma wani Alhaji da sauƙi don ya kafa kamfanin fata, samari su samu aiki. Ni na shawo kan mutanen gari munka sa hannu, munka sayi hatsi. Ba wanda ya tuna da kuka, alhali ganyenta ne miyarmu duk tsawon farin.

Na durƙusa na ce, "Inna, ki yi haƙuri ki tashi. An riga an saida."

Ta ce, "Gona kunka saida. Kukar ga uwata ta bar mini. Wa ya tambaye ni?"

Sai na hangi motar Alhaji tafe. In ya fasa kamfanin, da wane ido zan kalli mutanen gari?

Ya sauko, ya gaishe ta a tsugune, ya saurare ta har ta gama. Sannan ya dubi jami'in hukuma da ya rako shi ya ce, "Ko Nijar da nike fatauci, wanda ya sayi gona bai sayi icce ba. A kauce mata da katanga."

Har yau katangar kamfanin na da lanƙwasa ta gabas. Baƙi na cewa magini ne bai iya aiki ba. Mu dai muna shan miya.

A garinku, in an saida gona, iccen na wa ne?