Shahadar da Ta Fito Babu Suna

Yayata Surayya ta shekara tara tana buga takardu a shagon Madam Chinenye a Sabon Gari. Katin biki, katin suna, takardar neman aiki, duk ta hannunta suke bi. Aikin kullum iri ɗaya ne: a buɗe katin jiya, a goge sunan amaryar jiya, a sa na ta yau. Ranar da ta manta ta bar sunan wani ango a katin wani, ta sha faɗan da har gida ta kawo mana ragowarsa. Daga ranar ta ɗaura aniyar koyon haɗa shafukan intanet. A waya ta fara, kafin ta samu wata tsohuwar kwamfuta mai ɗaukar zafi kamar dutsen guga.

Ni ƙanwarta ban san kan harkar ba, amma na sha bayani har kunnena ya gaji. Wai akwai abin da suke kira tamfilet, shafin intanet guda ɗaya da ake tsarawa da adonsa, sai a bar gurabe: nan suna, nan aji, nan shekara. Shi shafin bai san kowa ba. Duk sanda aka buɗe shi, manhaja ce take miƙa masa ƙunshin bayanan mutum ɗaya, shi kuma ya ajiye kowanne a gurbinsa.

"Tandar waina ce," in ji ta. "Abin da kika zuba shi za ki kwashe."

Aikinta na farko daga Malam Goni ya zo, shugaban Islamiyyar unguwarmu a Rijiyar Lemo. Ɗalibai sittin da biyu za su yi sauka. Iyaye su cike fom ta waya, shahadar kowa ta fito da kanta. Kwamitin makaranta bai so ba, Malam Goni ne ya tsaya mata, bisa sharaɗin in aka samu kuskure ko ɗaya za a mayar wa masu buga kati aikin. Ita kuwa uwar gaggawa ta riga ta yi sallama da Madam Chinenye.

Ranar Alhamis da hantsi, saura kwana biyu walima, ta fitar da shahadun. Sittin da ɗaya lafiya lau. Ɗayar kuwa ta ce "An shaida cewa", sai fili fari fat, sai "ta sauke Alƙur'ani mai girma."

Ban taɓa ganin Surayya ta tsorata haka ba. Ta bi shafin layi-layi, gurbin suna yana nan daram. Na ce ko a cike da biro, ta watsa min hararar da ta sa na kama bakina.

"Da laifin shafin ne, da duka sun lalace," ta ce. Sai ta koma kan ƙunshin da aka miƙa masa. Aji akwai, sunan uba akwai, lambar waya akwai, suna babu. Shi kuma shafin in ba a ba shi abu ba, ba ya ƙorafi, fili kawai yake bari. Tsoronta kar a ce manhajar ce ke haɗiye bayanai, don in ta haɗiye na ɗaya yau, gobe na goma ne.

Ta kira lambar, mahaifiyar ɗalibar ta ɗauka.

"Hajiya, daga Islamiyya ne. Sunan yarinyar ne bai fito ba."

"Ai kuwa na cike komai."

"To ya sunanta?"

"Ita yarinyar dai, wadda ke ajin Malam Usaid."

"Eh, sunan nake so."

"Ke 'yar nan, 'yar farina ce fa!"

Ashe kunyar 'yar fari ce. Matar ba ta faɗar sunan da baki, ba ta kuma ga dalilin da zai sa ta rubuta shi da yatsa ba. Maƙwabciyarta ta miƙa wa wayar, ita ta ce mana Muhibba.

Surayya ta zame ta zauna a ƙasa tana dariya har da hawaye. Manhajarta lafiya ƙalau. Nata laifin shi ne da ba ta tilasta a cike gurbin ba, nan take ta gyara, ta ƙara layi a fom ɗin: in ɗan fari ne, a ba wani ya rubuta.

Abin da ya sa na yi ta tsokanarta shi ne ita ce 'yar fari a gidanmu. Shekara talatin da huɗu, Innarmu Gumsu ba ta taɓa furta sunanta ba, amma wai ita ce ta kasa gano wannan.

Ranar walima aka raba shahadu sittin da biyu cif, Malam Goni yana ta sa albarka. A ƙasan kowacce akwai ɗan ƙaramin rubutu: tsarawa, Surayya Modu. Inna ta ari ta wata mata, ta ce in nuna mata wurin. Ta ɗora yatsa a kai ta daɗe, sannan ta taɓa matar da ke gefenta.

"Waccan ce ta yi," ta ce, da ƙarfin da waccan ɗin za ta ji.