Jar Fitila a Wuyan Rigar Yaya

Ba don Allah na sayi fitilar nan ba, don Inna na saye ta. Wanda aka ce in saya wa ɗin yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana Lyon, ina Paris, kuma an yi shekaru ko barka da Salla ba ta haɗa mu.

Ga asalin gabar. Lokacin da babanmu ya rasu a Damagaram, ba ni da takardun da zan fita ƙasar nan in dawo. Yaya yana da su, ya tafi. A wurin zaman makoki wani ya tambaye shi ina ƙanensa, sai ya buɗe baki gaban dattawan unguwa ya ce na zaɓi Turai na bar ubana. Shi da ya fi kowa sanin abin da ya riƙe ni. Maganar ta iske ni ta salula tun kafin sadakar bakwai. Aka raba kayan tsoho, ko carbi ba a ware mini ba. Ban yafe ba, kuma ban taɓa yi wa kowa ƙaryar na yafe ba.

Da sanyin bara mota ta goge shi ta baya, yana kan keke zai je masallaci da magariba. Bai karye ba, amma kafaɗarsa ta dama ta goce. Mai motar ya ce bai gan shi ba, ni kuwa na yarda da mai motar. Mutum ya sa baƙar riga, ya hau baƙin keke, ba fitila ko ta ashana, a garin da duhu ke faɗowa tun la'asar ba ta gama sakaliya ba. Matarsa ce ta gaya wa Inna, Inna kuma ta aiko mini da saƙon murya.

"Kai ne mai yawon kai kaya a keke, ka san kayansa. Ka sayi fitilar baya ka kai wa yayanka, ka sa mishi da hannunka, in gani a hoto. Na binne ubanku, ba zan je filin jirgi karɓar gawa ba. Kafin nan kada ka kira ni."

Na ɗauka barazana ce irin ta iyaye. Na kira, ba ta ɗauka ba. Juma'a ta zo, ranar da muka saba hira bayan masallaci, na kira har salula ta yi zafi, shiru. Ni a ƙasar nan muryar Inna ce kawai abin da nake jira daga mako zuwa mako. Yaya ya hau keke da gangancinsa, ni aka hukunta. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na gangara unguwar Barbès, shagon wani ɗan Cadi mai jin Hausa, kusa da gadar metro, jirgin ƙasan cikin gari, wanda ke sayar da komai daga kabul ɗin salula har agogon kiran salla. Ya zube mini fitilu a kan tebur.

"Wa za ka saya wa, Malam?" in ji shi.

"Wani."

"Wani naka ko wani na mutane?"

"Wani dai."

Ya fara ɗauko mai tsadar, wadda ke ƙara haske da kanta in an taka birki. Na ce ya mayar, wannan ta masoya ce. Sai ya turo mini mafi arha, mai aiki da pil, wato batir, robarta kamar ɓawon ƙwai. Zuciyata ta ce wannan ce daidai da shi. Amma na san Yaya, hannun jarirai gare shi. In pil ya mutu, har tashin ƙiyama ba zai sayi wani ba, zai ci gaba da yawo da matacciyar fitila, a sake kwashe shi, Inna ta ce ni ne. In kuma ta fashe a ruwan farko, zai samu abin faɗi, ya ce tarkace na kawo mishi. Wannan daɗin bakin ba zan ba shi ba.

Na tsaya kan ta tsakiya, 'yar ƙarama kamar dabino, wadda ake cajinta da kabul kamar salula. Ramin cajin yana da murfin roba saboda ruwan sama. Tana da maɗaurin da ake zagaya ƙarfen sirdi da shi, a bayanta kuma akwai ɗan maƙali irin na biro. Na sa mai shagon ya kunna ya riƙe ta a bakin ƙofa, na tsallaka titi, na wuce masu sayar da masara, na juyo. Da rana tsaka ma jan yana shiga ido.

"Duk wannan wahala don wani dai?" in ji shi da na dawo.

Na ce ya ƙulle mini, ban zo hira ba.

Ran Asabar na cika ta da caji, na jefa ta aljihun kwat tare da kabul ɗinta, na hau bas zuwa Lyon. Matar Yaya ta buɗe mini ƙofa tana dariya.

"Maraba da mijina mai yaji. Yau ka tuna da ni?"

Ita dai ba ruwanta, tun da can muna wasa. Yaya yana falo, ya ba ƙofa baya, yana kallon talabijin. Na yi sallama, ya amsa wa bango, don amsawar wajibi ce. Babu ina gajiya, babu ya hanya. A kansa kuwa ga tsohuwar hular babanmu, mai shuɗin zaren da ya koɗe, wadda tsoho ke sawa ran Juma'a. Da na san zan iske ta a kansa, wallahi da na ƙara mako ban zo ba.

"Gaya wa baƙonki kada ya taɓa mini keke," ya ce da matarsa.

"Gaya wa maigidanki aiken Inna ne, ba nawa ba," na ce da ita.

Baiwar Allah ta ajiye mini shayi ta gudu kicin.

Da ya shiga alwalar magariba na sauka tsakar gidan benen, inda ake jingine kekuna. Nasa ba ya ɓoyuwa, tsoho ne mai kwando, sarƙa duk tsatsa. Na ɗaura fitilar a ƙarƙashin sirdi, na kunna, na ja baya na shirya salula. Ya sauko cikin baƙar rigar nan tasa mai jan ƙasa, ko kallo ban ishe shi ba. Ya ɗaga ƙafa ya hau, rigar ta zubo ta bayan sirdi ta rufe fitilar ruf. Ko ɗigon ja ba a gani.

Duk zaɓen da na yi a Barbès, ban tuna da riga ba. Masu ƙera fitilar ma da 'yan guntun wando suka yi lissafi.

"Yaya, rigarka ta rufe ta. Tattare ta."

Shekaru ke nan ban kira shi da bakina ba. Ya ce, yana kallon gaba, shi ba ɗan dako ba ne da zai ɗaure riga a ƙugu zai je ɗakin Allah. Ɗan dakon ni ne, na gane.

Ƙofar gidan irin mai buɗewa a hankali ce, dole ya tsaya jira, ƙafa ɗaya a ƙasa. Na iske shi, na ɗaga rigar, na fizge fitilar daga maɗaurinta, na maƙala ta a wuyan rigarsa ta baya, daidai ƙasan hular tsoho. Hannuna ya taɓa ƙeyarsa. Ya kai hannun dama zai cire, kafaɗar ta hana shi, har sai da ya cije leɓe. Na hagu kuwa yana riƙe da kan keke.

"Cire," ya ce.

"Juyo ka dube ni ka faɗa, in cire."

Ƙofa ta gama buɗewa. Muka tsaya haka, ina jin numfashinsa. Bai juyo ba. Ya taka keke ya fita titi, jan yana ci a ƙeyarsa, motoci suna kauce mishi tun daga nesa. Na ɗauki bidiyo, na tura wa Inna. Ban jira ya dawo ba, ko shayin ban sha ba.

Ina cikin bas ta kira. Ta yi mini gaisuwa mai tsawo, ta tambayi sanyi, ta tambayi aiki, kamar ba ita ta rufe mini ƙofa ba. Na ji daɗi har na manta ina fushi da ita. Sai da za ta ajiye ta ce, "Na ga fitila. Bayan ɗana kawai na gani, amma to."

Bayan 'yan kwanaki saƙo ya shigo daga lambar da na goge tuntuni, amma na haddace. Ba sallama, ba gaisuwa. "Ina kabul ɗin?"

Na laluba aljihun kwat, yana nan. Na yi tsaki. Irin wannan kabul ɗin da idona na gan su jibge bayan talabijin ɗinsa, kuma kowane shagon salula a Lyon yana da su. So yake in sake kwasar ƙafa in je ya ba ni baya. A gidanmu ƙane ba ya aiken yayansa, balle ya kira shi, amma na rubuta mishi, ni ma ba gaisuwa: "Zo ka karɓa."

Ran Lahadi da hantsi aka ƙwanƙwasa ɗakina a unguwar La Goutte d'Or. Shi ne, da baƙar rigar, fitilar tana maƙale a wuyanta, a mace. Ya yi sallama, na amsa wa ƙofa. Ban ce ya zauna ba, shi ma bai nemi kujera ba. Na ajiye kabul a kan tebur don kada hannunmu ya haɗu. Ya ɗauka ya sa aljihu. Ina jira ya ce wani abu game da maganar zaman makoki, ko kalma ɗaya, don na daɗe da tanadar amsa. Ya ɗaga hannun hagu ya cire hular babanmu, ya ajiye ta inda kabul ɗin yake, ya juya.

Na leƙa ta taga. Ana yayyafi, ga Yaya, dattijo da furfurarsa, yana gangarawa wajen metro kai ba hula, abin da ban taɓa gani ba tun muna yara. Ban kira shi ba. Na ɗauki hular, cikinta da sauran ɗumi, kuma har yanzu tana ƙanshin turaren tsoho.